Gicciye

A Tawa, can bayan Bilbis, ƙarƙashin rumfata ta caji,
inda wayoyi goma sha bakwai ke shan wuta a jere
kamar tumaki bakin kwami,
Asumana ya baje katinsa bisa murfin akwatin ƙanƙara.
Nomau ne ya aiko su daga Abijan cikin gwangwanin madara.
Wasu sun cinye a gefe, ɗaya har yau warin kananzir yake.
Faransancina bai wuce na ƙirgar canji ba,
shi ke karanta mini, yatsa kan rubutu, murya irin ta mushen lakwal.

“Yaya, ga doka. Dabbar da kika tura hari,
gicciye ta. Haka: kai gabas, wutsiya yamma.”
Na ce, me ta yi aka kwantar da ita?
Ya ce, “Ba horo ba ne, shaida ce. Ta fita.
Wadda ke gicciye ba ta tare kowa.
In na zo ramawa, ko tana kallo, sai dai kallo.
Ba ta miƙewa sai zagaye ya dawo kanki.”

Akwai ta biyu: baƙo ba ya yaƙi ran da ya sauka,
sai ya kwana, ya san ƙofar gida.
Akwai wani kuma, mai sulke da fitila a hannu,
shi yana kai hari a tsaye, ya je ya dawo bai bar gadi ba.
Guda ɗaya tak cikin gwangwanin,
shi ma ruwa ya taɓa shi, fuskarsa ta shafe.

Asumana ba ya barin kowa a baya.
Kura mai fiffike, maciji mai kai uku, wani ƙaton itace mai tafiya,
duk sai ya gicciye su lokaci guda, ƙwas, ƙwas, ƙwas,
yana dariya har haƙorin makarsa ya fito.
Ni kuwa na saba da jira, sana'ata ce.
In shanye dukan, in ƙirga abin da ya rage mini,
in dubi wajensa: fili fetal, kowa kwance.
Da ɓera biyu da tsohuwar mujiya na ci shi ranar Lahadi.
Ya ce sa'a ce. Na ce miƙo dala biyar ɗin cajinka.

Jiya kuran ya ɗauke tun azahar.
Muna tsakiyar wasa, ya tura kurarsa,
na jefa katin igiya da na ɓoye, na ce na ɗaure ta, ta koma.
Ya girgiza kai.
“Kin makara. Da kin ɗaure ta kafin in furta.
Wanda ya riga ya fita, gicciye shi ba ya maido shi,
dukansa zai isa inda aka aike shi.”
Sannan ya sa hannu a aljihu,
ba kati ya zaro ba, tikitin mota ne,
Alhamis, ƙarfe huɗu na asuba.

Baba ya tafi ina goye. Nomau, shekara shida.
Katangarmu ta arewa tun damanar bara take jiran hannu,
inna na tare awakin maƙwabta da tsohon ƙyauren langa-langa.
Na so in ce masa, dubi wajenmu, wa ya rage a tsaye?
Na so in ce, a ƙasar mutane baƙo ma sai ya kwana.
Sai wani yaro ya leƙo, yana tambaya ko wayarsa ta cika.

Ya bar mini gwangwanin.
Na ware mai fitilar nan da fuskarsa ta shafe,
na jingina shi jikin mitar wuta, a tsaye.
Sauran na mayar, na danne murfi.
Ban san tsawon wannan zagayen ba.